Rufe shafi ɗaya a taminal bai kamata ya cinye aikin yini guda ba

Duk wanda ya taɓa zaunar da ƙaninsa yana koya masa Linux ya san tambayar da ke zuwa a makon farko: "Yaya, na rufe baƙar tagar nan, ina aikin da na bari yana tafiya?" Amsar da ake ba shi kusan kullum ɗaya ce, wai shi ya yi sake, gobe ya riƙa kula. Wannan amsa ba ta yi wa mai koyo adalci ba. Yaron da ya tashi ya ga burauza tana dawo da shafin da aka rufe da Ctrl+Shift+T, ya ga Gmail yana ba da daƙiƙa 5 zuwa 30 a janye saƙon da aka riga aka tura, ya ga WhatsApp tun ƙarshen 2022 yana ba da daƙiƙa 5 a dawo da saƙon da mutum ya goge wa kansa bisa kuskure, ba shi da dalilin zaton cewa akwai wata manhaja a kwamfutarsa da 'yar alamar X ɗinta ke kashe aiki har lahira. Abin haushin ma, a GNOME Terminal da Windows Terminal wannan Ctrl+Shift+T ɗin sabon shafi fanko yake buɗewa.

Masu ƙera taminal sun san da matsalar, kuma maganin da yawancinsu suka tsaya a kai shi ne ɗan akwatin nan da ke fitowa yana tambayar ko mutum ya tabbata yana son rufewa. Akwatin yana da ranarsa, amma shi ne mafi rauni cikin magungunan da ake da su. Ga mai aiki daga Taura ko Ringim ko Jahun kuwa, kusan ba ya tsinana komai, domin a can ba yatsa kaɗai ke rufe shafi ba. Sabis yana rufewa, ɗaukewar wuta tana rufewa, ita kanta wayar Android tana rufewa, kuma babu mai neman izini cikinsu.

Abin da ke faruwa a bayan alamar X

Taminal ɗin yau kwaikwayo ne na wata na'ura ta gaske. A shekarun 1970 mutum yana zama ne gaban allo da madannai kawai, irin VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978, ita kuwa kwamfutar tana wani ɗaki ko ma wani gari, ana haɗuwa da ita ta waya. Idan layin ya katse, tsarin Unix sai ya aika wa ayyukan mutumin wata sigina mai suna SIGHUP, mai lamba 1, wadda sunanta ke nufin an ajiye kan tarho. Duk manhajar da ba a rubuta ta da shirin karɓar wannan sigina ba, nan take take mutuwa. A wancan zamani hikima ce, saboda mutane da yawa ke raba kwamfuta ɗaya, bai kamata wanda ya tashi ya tafi ya bar aikinsa yana cin wurin wasu ba.

Wannan ƙa'ida ita ce har yau. Idan aka rufe shafi, manhajar taminal tana sakin nata gefen layin bogi da ta shimfiɗa tsakaninta da shel, wato bash ko zsh da ke karɓar umarni. Tsarin sai ya aika wa shel SIGHUP, shi kuma bash kafin ya fita sai ya raba wa duk ayyukan da ke ƙarƙashinsa wannan siginar, har da waɗanda aka tura baya da alamar &. Idan ta SSH aka shiga wata saba, abin sai ya faru sau biyu: ssh na kwamfutar mutum ya mutu, sabar ta ga an katse, ita ma ta yanke wa nata ayyukan hukunci iri ɗaya.

Ba komai ne ke salwanta ba, kuma ya kamata a yi wa tsofaffin manhajojin rubutu adalci a nan. Vim yana ajiye abin da ake rubutawa cikin ɓoyayyen fayil mai ƙarewa da .swp bayan kowane haruffa 200 ko shirun daƙiƙa 4, kuma vim -r yana dawo da shi. Nano idan SIGHUP ta same shi yana juye abin da ke hannunsa cikin fayil mai ƙarewa da .save. Waɗanda suka rubuta su sun yi zamani da layin tarho mai katsewa, shi ya sa suka gina su da shirin ko-ta-kwana.

Ɓarnar tana wurin ayyukan da aka tare su a tsakiyar hanya. A ɗauki matashi a Taura da ke kula da manhajar sakamakon jarrabawa ta wata makaranta, ko lissafin wani ɗan kasuwar hatsi a Gujungu, rumbun bayanan yana kan sabar haya a Turai. Ya rubuta mysqldump makaranta > ajiya.sql don ya ɗauki kwafi, kamar yadda yake yi duk mako. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan alamar > tana share tsohon ajiya.sql tas tun kafin mysqldump ya rubuta harafi ɗaya. Idan shafin ya rufe a minti na biyu, tsohon kwafi ya tafi, sabon kuma rabi ne. Fayil ɗin yana nan da sunansa, yana da nauyi, babu abin da ke nuna gurgu ne sai ranar da aka buƙace shi. Cikakken kwafin mysqldump yana ƙarewa da layin da ke cewa an kammala tare da kwanan wata, kuma tail -n 1 ajiya.sql zai nuna shi cikin ƙiftawar ido, amma mutum nawa ne ke dubawa?

Mayar da kwafi ya fi ɗaukarsa haɗari. Fayil ɗin yana bin teburan bayanai ɗaya bayan ɗaya, ya goge kowanne, ya sake gina shi, ya zuba masa abin cikinsa. Idan aka katse a tsakiya, wasu teburan sababbi ne, ɗaya an zuba masa rabi, sauran kuma tsofaffi. MySQL ba ya iya warware goge tebur, da zarar an yi ya zauna. PostgreSQL yana iyawa idan an ba psql zaɓin --single-transaction, wato ko dai komai ya shiga ko kada komai ya shiga. Irin wannan ɓarna ta fi ɓatan fayil muni, domin manhajar za ta ci gaba da buɗewa, iyaye su riƙa duba sakamako, sai bayan kwana biyu a gano makin wani aji na zangon da ya wuce ne.

Akwatin da ke tambaya

A 2007 Aza Raskin, ɗan Jef Raskin wanda ya fara aikin Macintosh a kamfanin Apple, ya rubuta wata maƙala a mujallar A List Apart da har yau masu tsara manhaja ke komawa gare ta. Hujjarsa mai sauƙi ce: gargaɗin da mutum ke gani kullum, hannu yana haddace amsarsa, har ya zamana rufewa da danna "eh" sun dunƙule sun zama motsi ɗaya. Hausawa sun gama maganar da cewa sabo turken wawa. Ranar da gargaɗin ya zo da gaskiya, yatsa ya riga ido.

Idan aka bi manhajojin da aka fi amfani da su, za a ga kowacce ta faɗa cikin ɗayan ramuka biyu, ko ta cika tambaya ko ta yi shiru a inda ya kamata ta yi magana. PuTTY, da Simon Tatham ya fara fitarwa a 1999 kuma har yanzu ita ce ƙofar farko ta shiga saba ga masu Windows da yawa, tana tambaya duk lokacin da za a rufe taga mai zama a buɗe, ko ana aiki ko ba a yi. Windows Terminal, wadda sigarta ta 1.0 ta fito a Mayun 2020, ta shafe shekaru da saiti ɗaya tak kan wannan batu, confirmCloseAllTabs, wanda shafuka yake ƙirgawa. Taga mai shafi uku da ba a komai a cikinsu za ta jawo gargaɗi, shafi ɗaya da ke tsakiyar mayar da rumbun bayanai kuma ya rufe salin-alin. A VS Code, inda matasa da yawa suka fara ganin taminal, saitin terminal.integrated.confirmOnExit yana zuwa ne a kan never, sai mutum ya je da kansa ya mayar da shi hasChildProcesses kafin ya riƙa tambaya idan akwai aikin da ke gudana.

GNOME Terminal da Konsole sun fi hankali, suna tambaya ne kawai idan akwai wani aiki a gaba ban da shel. Terminal na macOS ma haka, har yana da jerin manhajojin da ba sai an yi tambaya a kansu ba, kuma screen da tmux ne a jerin tun daga kamfani, abin da ke nuna injiniyoyin Apple sun san inda maganin gaske yake. Sai dai GNOME Terminal aikin da ke gaba kaɗai yake dubawa. Wanda aka tura baya da & ba ya cikin lissafi, zai mutu ba tare da an ce uffan ba.

Babban ramin kuma shi ne SSH. Taminal ɗin da ke kan laftof abu ɗaya yake gani, wato akwai manhajar ssh tana gudana. Ba shi da hanyar sanin ko a can cikin sabar shel yana zaune ne hannu rabbana, ko kuwa yana tsakiyar sauya tsarin rumbun bayanai. Saboda haka gargaɗi iri ɗaya yake fitarwa sau hamsin a mako, arba'in da tara na banza, ɗaya na gaske. Wanda aikinsa duk a kan saba yake, shi ne ya fi kowa buƙatar gargaɗin, kuma shi ne aka fi koya wa raina shi.

Wannan ba ya nufin a cire akwatin. Yana nufin a daina yi masa rubutun da bai ce komai ba. Gargaɗin da ya ce mysqldump yana gudana tun minti 12 da suka wuce kuma rufewa za ta kashe shi, ya bambanta da wanda ya ce kawai akwai wani aiki. Maɓallin da Enter ke dannawa ya zama na fasawa. Idan babu abin da za a rasa kuma, a rufe shiru, domin kowace tambayar banza tana rage wa ta gaske kwarjini. Manhajar kitty ta Kovid Goyal ta kama hanyar nan: tana haɗa kai da shel don ta san ko yana jiran umarni ne ko yana aiki, sannan ta yanke shawarar yin tambaya.

Daƙiƙa biyar na iTerm2

Abin da Raskin ya ba da shawara a maimakon gargaɗi shi ne a bar mutum ya yi kuskuren, a kuma ba shi hanyar warwarewa. A duniyar taminal iTerm2 ta George Nachman ce ta fi fice da wannan. Idan aka rufe shafi, ɓoye shi take yi, ta bar aikin da rai na daƙiƙa 5, kuma ana iya ƙara lokacin a saiti. Cmd+Z yana dawo da shafin da duk abin da ke gudana a cikinsa. Dabarar ta dace da yadda ɗan Adam yake, domin mai kuskure yakan gane ya yi kuskure ne daƙiƙa ɗaya bayan ya yi shi. Matsalarta ɗaya, a kan Mac kaɗai take aiki, kuma Mac ba ita ce kwamfutar da ɗalibi a Dutse ke iya saya ba. Babu wani dalili na fasaha da zai hana taminal ɗin Linux da na Windows yin haka. Riƙe layin bogi na 'yan daƙiƙu bayan an ɓoye shafi ba wani babban aiki ba ne.

Akwai ƙorafi mai ma'ana a kan wannan dabara. Wani lokaci mutum yana rufe shafi ne da gangan don ya tsayar da umarnin da ya gane ɓarna yake yi, kuma a irin wannan hali daƙiƙa 5 suna da tsada. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab da ke aiki cikin dare ya goge babban fayil ɗin rumbun bayanai a kan sabar da ke ɗauke da aikin jama'a, yana zaton a kan ta biyu yake. Ya tsayar da umarnin cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu da ganewa, amma kusan gigabait 300 sun riga sun tafi, kamfanin kuma ya yi asarar bayanan kusan awa 6. Ƙorafin gaskiya ne, sai dai amsarsa ita ce Ctrl+C aka tanada don tsayar da aiki, kuma ya fi kai hannu kan linzami sauri. Ba a kamata a bar kowa cikin haɗarin rufewar kuskure ba saboda wasu sun mayar da alamar X birki.

Labarin GitLab yana da wani darasi da ya fi kusa da batun shafuka. Cikin gyare-gyaren da suka lissafa bayan abin ya faru har da sauya alamar shel ta yadda sabar aiki za ta bambanta da ta gwaji a ido. Shafuka shida masu baƙin bango da suna iri ɗaya gayyatar kuskure ne, ko wajen rubuta umarni ko wajen rufewa. Sanya wa shafin sabar gaske jan launi aikin minti biyu ne.

Sai kuma Ctrl+W, wanda ya cancanci a yi masa shari'a shi kaɗai. A bash yana goge kalmar da ke bayan alamar rubutu. A nano shi ne maɓallin bincike na gargajiya. A Vim da shi ake tsallakawa tsakanin tagogi. A burauza kuwa rufe shafi yake yi. Yanzu da kamfanonin hayar saba ke ba da taminal a cikin burauza, mutum yana tsakiyar gyara fayil da nano, hannunsa ya tafi neman wata kalma, shafin gaba ɗaya ya ɓace. Wannan ba sakaci ba ne, ƙwarewarsa ce ta kāshe shi. Masu nano sun ƙara Ctrl+F a matsayin maɓallin bincike a siga ta 8.0 a 2024. Google kuwa a Cloud Shell ta bi ta wata hanya: ta sa kowane zama a cikin tmux tun daga farko, ta yadda rufe shafin burauza ba ya taɓa aikin.

Inda babu mai tambaya

Duk abin da aka faɗa zuwa nan ya ginu ne a kan zaton cewa mutum ne ke rufe shafin. Mai aiki daga Taura yawanci ta wayarsa yake ba laftof intanet. Kira ya shigo, ko sabis ya sauka daga 4G, ko data ta ƙare ana tsakiyar aiki, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, sake sauke fayil daga farko ba ƙaramin zafi ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya ta yi kwanaki tana fama. A ƙarshen Oktoban wannan shekarar kuma mafi yawan jihohin Arewa, har da Jigawa, suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir sun samu matsala. Ga sabar da ke Turai, duk waɗannan ba su da bambanci da danna X. Za ta jira na ɗan lokaci, ta gane layin ya mutu, ta aika SIGHUP.

Waɗanda ba su da laftof, suna koyo da Termux a waya, nasu ya fi tsanani. Tun daga Android 12 tsarin yana sa ido kan ƙananan ayyukan da manhajoji ke haifarwa a baya, ya iyakance su zuwa 32 a wayar gaba ɗaya, ya kuma kashe waɗanda suka cika cin ƙarfin na'ura. Mutum ya leƙa WhatsApp ya dawo, sai ya tarar an rubuta masa aikin ya ƙare da sigina mai lamba 9. Wannan siginar, SIGKILL, ba kamar SIGHUP ba ce: babu manhajar da ke iya kama ta, ko nano ba ya samun damar ajiye komai.

Saboda haka maganin da ya dace da wannan yanki shi ne a raba rayuwar aiki da rayuwar taga, kuma maganin ya girmi yawancin masu karanta wannan shafi. GNU Screen ya fito a 1987 daga hannun Oliver Laumann, tmux kuma Nicholas Marriott ya fitar da shi a 2007. Dabararsu ɗaya ce. Suna tayar da wata manhaja a baya wadda ita ce ke riƙe da shel da ayyukansa, taga kuma ta zama madubin leƙawa kawai. Idan madubin ya fashe, ɗakin yana nan. Umarni ɗaya ya isa a fara: tmux new -A -s aiki. Idan babu zama mai suna aiki zai ƙirƙira, idan akwai zai mayar da mutum cikinsa daidai inda ya bari. Sharaɗin shi ne a tayar da tmux a kan sabar, bayan an shiga ta SSH. Wanda ya tayar da shi a wayarsa sannan ya shiga saba daga ciki, bai tsira daga yankewar sabis ba, bai kuma tsira daga Android ba.

Masu Ubuntu sun daɗe da yarda da wannan. Umarnin do-release-upgrade, mai ɗaga saba daga siga zuwa siga, ya shafe shekaru yana sa kansa cikin screen ba tare da an roƙe shi ba, idan kuma ta SSH ake yi har ƙofa ta biyu yake buɗewa a lamba 1022 don gudun ta farko ta rufe. Abin tambaya shi ne me ya sa sai a wannan aiki ɗaya ake yi wa mai amfani irin wannan gata.

Mosh, da Keith Winstein ya fitar daga jami'ar MIT a 2012, yana magance ɗaya ɓangaren. Yana jure yankewar sabis da sauyawar adireshin intanet, mutum ya rufe laftof a Taura ya buɗe a Dutse ya ci gaba daga inda ya tsaya. Amma idan aka rufe shafin da Mosh ke ciki ba a iya komawa wannan zaman, don haka a haɗa shi da tmux. Su nohup da disown suna kare aiki ɗaya daga SIGHUP, sai dai ba sa dawo wa mutum da allon, kuma nohup sai an tuna da shi kafin a fara.

Tmux ma yana da nasa aibin. Zaman da ba ya mutuwa yana taruwa, kuma a ƙaramar saba mai gigabait 1 na ƙwaƙwalwa, ayyuka biyar da aka manta da su suna iya durƙusar da shafin makaranta ranar fitar sakamako. Wanda ke aiki a kwamfutar haya a shagon buga takardu kuma, idan ya bar zama a buɗe da ikon mai gida, ya bar wa na bayansa makulli. Umarnin tmux ls yana nuna abin da ke raye, kuma dubawa kafin a tashi ya kamata ta zama al'ada. Maɓallansa kuma ba su da daɗin koyo, Ctrl+b sannan d don a fita a bar aiki yana tafiya ba abu ne da hankali zai kawo da kansa ba. Wannan ya ƙara nuna cewa aikin masu ƙera taminal ne su shigar da dabarar ciki, kada ta zama sirrin da sai wanda ya taɓa ƙonewa yake sani.

Kafin su yi, nauyin yana kan masu koyarwa. Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar nan: tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga Jami'ar Khadija a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura kanta, ga kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Yawancin darussan Linux da ke yawo a YouTube an shirya su ne a ƙasashen da wuta da intanet ba sa ɗaukewa, shi ya sa suke ajiye tmux a sashen ƙwararru, can bayan an gama komai. Malamin da ke koyarwa a Dutse ko Kazaure ba shi da dalilin bin wannan jeri. Ranar da ɗalibi ya fara rubuta ssh, ranar ya kamata ya rubuta tmux, a kuma sa shi ya kashe datar wayarsa da gangan yana tsakiyar aiki, ya kunna, ya koma ya ga aikin yana nan.

Akwai ramin da tmux ba ya rufewa. Idan aikin a kan laftof ɗin kansa yake gudana, batirin kuma ya mutu, komai ya tafi tare, domin tmux ba ya tsallake mutuwar na'urar da yake kai. A nan sai dai a gyara yadda ake rubuta umarnin. Maimakon a juye kwafi kai tsaye kan tsohon, a rubuta mysqldump makaranta > sabo.sql && mv sabo.sql ajiya.sql. Alamar && tana hana mv aiki sai in mysqldump ya gama lafiya, shi kuma sauya suna a cikin faifai ɗaya ba ya tsayawa a rabi, ko ya faru ko bai faru ba. Wajen sauke manyan fayiloli, wget -c da rsync --partial suna ɗorawa daga inda aka tsaya, scp kuwa daga farko yake komawa da datar mutum. Wanda Ctrl+D ke yawan fitar da shi daga shel ya sa set -o ignoreeof a cikin .bashrc. Bash kuma ba ya rubuta tarihin umarni a faifai sai zai fita, don haka mutuwar batir tana tafiya da duk umarnin da aka sha wahalar haɗawa a ranar. Layin PROMPT_COMMAND='history -a' a cikin .bashrc yana sa a rubuta kowane umarni da zarar ya gama.